Ganye Uku Kafin Tumaki Su Shiga

Shekara goma sha tara ina tuƙi a Riyad ban taɓa gogar motar kowa ba, sai ga wani allo ɗan mitsitsi a ɗakin gwajin ido ya gama da ni cikin minti biyar. Likitan ya ce in karanta layi na huɗu. Na ce masa wane layi na huɗu kuma, ni uku nake gani, na ukun ma kamar tururuwa ce ta bi ta kan takarda. Bai yi dariya ba. Ya ce ba abin tabarau ba ne, jijiyar idon ce ta fara gajiya, sai dai a riƙa ɗiga magani kada abin ya ƙaru. Lasin tuƙi kuwa, ya ce in manta da shi.

To, iƙamata, wato katin izinin zama, direban gida aka rubuta a jikinta, kuma saura wata huɗu da 'yan kwanaki ta ƙare. Direban da ba shi da lasi ban san me zai ce yana yi a ƙasar mutane ba. Ga autata a gida saura mata shekara biyu ta gama makarantar koyon jinya, na kuwa riga na rantse mata ba zan tattara kayana ba sai na ga ta sa farin kaya. Wannan alkawarin shi ya tsaya mini a maƙogwaro, ba idon ba.

Kafilina, wato maigidan da nake zaune a ƙarƙashin sunansa, tsoho ne mai kirki, amma fa ba ya maimaita magana. A kasuwar Dira ya yi ƙuruciyarsa yana sayar da alkyabba, da ya tsufa ya bar wa 'ya'ya shagon ya koma gidansa na unguwar Shifa. Ammi nake ce masa, wato baffa, shi kuma ya ce mini Ya Hajji. Can bayan gari ta kudu yana da wani ɗan fili da suke ce wa istiraha, inda ake zuwa shan iska: ɗaki biyu, rijiyar burtsatse, dabinai 'yan kaɗan, da tumaki ashirin da uku irin na Najdi, dogaye baƙaƙe masu farin kai da gashi har gwiwa. Makiyayinsu ya koma ƙasarsu. 'Ya'yan Tsoho sun matsa a sayar da tumakin, wai sun gaji da jigilar harawa da sha'ir duk mako. Shi kuwa Tsoho da a taɓa tumakin nan gara a taɓa rawaninsa.

Ranar da muka je can bayan maganar likita, babban ɗansa ne ya tuƙa, ni ina baya kamar kayan cefane. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Duk ramin da ya faɗa sai na ji shi a haƙorina.

A gefen dabinan akwai wani fage da Tsoho ya sa aka shuka masa wata ciyawar turawa da farkon sanyi. Raigiras suke ce mata, siririn ganye gare ta mai sheƙi, sanyi take so, da zafi ya shigo ta mutu. An ce masa tumaki za su yi kiwo a kanta ya huta da sayen harawa. Ta tsiro kam, amma ɗorawa-ɗorawa, a tsaitsaye, ko ɗan tunkiya ba za ta ƙosar ba. Tsoho ya dogara sandarsa ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Wannan ciyawa ta fi ni tsufa."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ammi, yunwa take ji, taki take so. Ni fa manomi ne ɗan manomi."

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Shekara goma sha tara ban taɓa ji ba."

Na ce, "Ba ka taɓa tambaya ba."

Nan take ya yanke magana. Idan tumakin nan suka ƙoshi da ciyawar nan kafin zafi ya shigo, zan zauna, ya canza mini sana'a a iƙama. In ba haka ba, ya sayar da su, ni kuma ya yi mini huruj, wato sallamar da ba dawowa, cikin mutunci. Na ce na yarda, har da dukan ƙirji.

Bari in faɗi gaskiya tunda babu wanda zai kore ni yanzu. Ɗan manomi kam ni ne, mahaifina Allah ya jiƙansa manomin masara ne a wani ƙauye kusa da Funtuwa. Amma manomi? Ina. Babu abin da na tsana a duniya kamar fartanya. Ina da shekara ashirin na tsere na zama karen mota. Ranar da zan tafi, Baba bai yi faɗa ba. Yana wanke hannu a bakin rijiya ya ce, "Je ka abinka. Amma in an tambaye ka sana'ar gidanku, kada ka ji kunyar faɗa." Na kuwa ji kunyar. Duk takardar da na cika a rayuwata, direba na rubuta, kuma ko a hira aka zo zancen gona sai in karkatar da shi zuwa zancen injin mota.

Da na gaya wa uwargida ta waya, sai da ta ajiye wayar ta yi dariyarta ta ƙoshi. Ta ce, "Alhaji, kai da na bar maka shukar na'ana'a kwana uku na dawo na tarar ta zama shayi?" Na ce ta bari za ta gani.

Washegari wani ɗan'uwa direba ya sauke ni a Sulai, unguwar manyan ɗakunan ajiya da gareji, inda ake samun komai daga taya har maganin ɓera. Na shiga shagon wani Basudane mai sayar da kayan noma, dogo baƙi kamar mu, da furfura a gemu. Na ce buhun yuriya nake so. Yana cikin rubuta takarda ya ce, "Ya zol, me za ka sa wa?" Zol ɗin nan haka suke kiran kowa, kamar mu ce malam. Na ce ciyawa. Ya ce, "Ka san yadda ake sa mata?"

Nan raina ya ɓaci. Ni za a tambaya yadda ake sa yuriya? Na ce masa tun kafin ya san hanyar makaranta nake sa taki. Ya ɗaga hannu biyu ya ce halas, wato shi ke nan, Allah ya ba da sa'a, ya kuma rubuta mini lambarsa a bayan takardar. Saura kaɗan in yar da ita a bakin ƙofa.

Yadda Baba ya koya mini kenan na yi, don ban san wata hanya ba. A gonar masara ba a watsa yuriya, asara ce, iska da rana su sha rabinta. Sanda mai tsini kake samu da murfin kwalbar lemo. Ka yi taku ɗaya, ka soka rami a gefen shuka, ka zuba murfi ɗaya, ka rufe da diddige. Matsalar ita ce ciyawa ba ta da layi, ba ta da gindi ɗaya-ɗaya da za ka ce ga shi. Amma wannan bai tsayar da ni ba. Na samo igiya na ja layukana da kaina, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Taku, soka, murfi, diddige. Kwana uku cur na yi ina wannan aiki, bayana kamar zai rabe biyu, tumaki sun jeru a jikin raga suna kallona. Da na gama na kunna famfon feshi, na zauna na sha shayi ina jin kaina kamar wani malamin gona.

Bayan kwana goma na fara ganin kore daga nesa, na yi ta murna. Na ma kira Tsoho na ce ya zo ya gani.

Ya zo da la'asar, ɗansa ya tuƙo shi. Ya sauko daga mota, ya yi taku biyar, ya tsaya cak. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Na zaci tari ne. Ashe dariya ce, irin wadda ba ta fita da sauti sai da hawaye. Da ƙyar ya ce, "Ya Hajji, wa ya zana mini wannan?"

Na matsa kusa na durƙusa, sannan na ga abin da kowa yake gani ban da ni. Fagen nan ya koma kamar jikin zabuwa. Duk inda na zuba murfi, tsakiya ta ƙone ƙurmus, kewayenta kuma ciyawa ta tashi kore shar har tana baƙi-baƙi, ganye faffaɗa, dogo. Tsakanin ɗigo da ɗigo kuwa tana nan yadda na same ta, ɗorawa, a kwance. Kuma ɗigon nan a jere reras, layi-layi, ko ɗaya bai karkace ba. Ɗansa ya fito da waya yana ɗauka. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tsoho ya share hawaye da gefen rawaninsa ya ce, "Aikin dai ya yi kyau a ido." Sannan ya daina dariya ya ce, "Saura wata uku." Ya shiga mota.

Ni mutum ne mai zuciya, kuma zuciya ba ta taɓa ba ni shawara mai kyau ba. Tun motar ba ta ɓace ba na jawo sauran buhun. Na ce tunda taki take so, to ga shi nan. Na watsa shi duka a rabin fagen, hannu bibbiyu, na sake mata ruwa. Ta kuwa amsa. Cikin kwana goma sha biyu rabin nan ya tashi ya rufe ƙasa, ya wuce tsawon tafin hannuna, laushi kamar gashin jariri. A makon nan gari ya yi lumshi, ga sanyi, rana ba ta fitowa sosai. Da safe na buɗe wa tumaki ƙofa cikinsu wayam, na ce bisimilla, ku ci arziki.

Sun ci kamar ba gobe. Kafin azahar zawo ya ɓarke musu, farin kai da baƙin gashi duk sun ɓaci. Wannan da sauƙi. Akwai wata babbar tunkiya mai tsagaggen kunne wadda Tsoho yake ba dabino da hannunsa, ita ce uwar rabin garken. Na same ta kwance a gindin dabino, ciki ya kumbura ta hagu tam, tana numfashi sama-sama. Na ce shi ke nan, na kashe wa mutum tunkiya, na kashe wa 'yata karatu, duk a wuni ɗaya.

Na zazzage aljihuna na samo takardar nan da na so yarwa. Lambar ma ban iya karanta ta ba sai da na fita rana na kai ta dab da hancina. Da Basudanen ya ɗauka ban tsaya gaisuwa ba. Na ce, "Ni ne mai bakin nan na rannan. Ka taimake ni." Ya ce in fitar da su daga ciyawar yanzu-yanzu, in tayar da mai kumburin tsaye, yana zuwa.

Ya rufe shagonsa da rana tsaka ya taho cikin wata tsohuwar a-kori-kura. Ya ɗura wa tunkiyar man girki da wani magani, muka ɗaga ƙafafunta na gaba kan tudu, yana murza mata ciki ina riƙe da kai. Can sai ta saki wata gyatsa da ban taɓa jin irinta ba, mai wari kamar kwata. Wallahi ban taɓa jin daɗin wari irin na ranar ba. Ya ce sauran a ba su busasshiyar harawa da ruwa kwana biyu, za su warware, kuma in gode wa Allah abin ya tsaya nan.

Da hankali ya kwanta ya zagaya ya ga ɓangaren ɗigo-ɗigon. Ya tsaya ya riƙe ƙugu. Na ce kada ya ce komai. Ya ce, "Ba zan ce ba. Amma masara kuke nomawa a gidanku, ko?" Na ce eh. Ya ce ya gane, mahaifina ya iya aiki, ni ne na kawo aikin inda ba a nan yake ba. Ashe mutumin nan malamin gona ne a ƙasarsu kafin rayuwa ta jefo shi shago. Ya nuna mini wasu ɗigon kore can inda tumaki suka taɓa kwana, ya ce, "Ka ga waɗancan? Fitsarinsu ne. Sinadari ɗaya ne da na buhunka, naitirojin. Su ma irin aikinka suke yi, sai dai su ba su wahalar da kansu da igiya."

Sannan ya tsuguna a ɓangaren da tumaki suka ci, inda ba su kai ba, ya tsinko tsiro ɗaya daga gindi ya miƙo mini. Ya ce, "Ganye nawa?"

Na juya shi, na kai kusa, na kai nesa. Kore kawai nake gani. Na ce masa gaskiya idona ba ya rabewa, shi ya sa ma nake nan ba a kan titi ba. Bai ce ayya ba, na kuma gode masa da bai ce ba. Sai ya kama babban yatsana da manuni ya ɗora a gindin tsiron, ya ja su sama a hankali. Na ji inda ganye ya rabu da kara. Ɗaya. Muka ƙara sama. Biyu. Daga nan sai wani ɗan tsini a naɗe da bai buɗe ba.

Ya ce, "Biyu ke nan. Ka sa su da wuri."

Na ce amma ai ta yi tsawo. Ya ce nan ne taki yake ruɗin mutane. Taki yana sa ganye ya yi tsawo ya yi faɗi, yana sa gindi ɗaya ya fitar da 'ya'ya da yawa har su rufe ƙasa, amma ba shi yake ba ganye ranar fitowa ba. Wannan aikin ɗumin gari ne da kwanaki. Ciyawar nan kowane tsiro ganye uku yake riƙewa, in na huɗu ya leƙo, na farko ya fara mutuwa. In dabba ta cinye ta, da abincin da ta ɓoye a gindinta take fitar da ganyen farko, kamar mai cin rumbu kafin kaka. Sai ta kai ganye uku rumbun yake sake cika. Ka sa dabba a ganye biyu, ka cuci ciyawar, toho na gaba ya zo a raunane. Ka kuma cuci dabbar, don ganyen ruwa ne tsababa da takin da bai gama narkewa ya zama abinci ba, balle in gari ya yi lumshi. Ka wuce uku kuma, rana ta ci abin da tunkiya za ta ci.

Na ce to takin fa, nawa zan sa? Ya ce kaɗan-kaɗan, kamar gishiri a miya, a watsa bai ɗaya bayan tumaki sun fita, a bi shi da ruwa nan take. Kuma kada in bari su gwaguye ta har ƙasa, in bar mata tsawon yatsa uku a kwance. Na so in ba shi wani abu, ya ce in haɗa masa shayi mai kauri mu rabu lafiya.

Na faɗa wa Tsoho abin da ya faru da bakina kafin ya ji a wani wuri. Da ya gama saurara a waya, ya ce, "Tana cin dabino?" Na ce tana ci. Ya ce, "Saura wata biyu da rabi."

Na raba fagen kashi bakwai da ragar waya. Tumaki su yi kwana huɗu a kashi ɗaya, in matsar da su gaba, in watsa wa inda suka bari ɗan taki, in ba shi ruwa. Kafin su zagayo an kusa wata guda. Kowace safiya sai na fara ba su 'yar busasshiyar harawa kafin in buɗe ƙofa, kada su shiga da yunwa. Kuma ba na buɗe sabon kashi sai na bi shi da rarrafe na tsinko tsiro goma daga wurare dabam-dabam na ƙirga da yatsa.

Ban taɓa zaton zan faɗi haka ba, amma kwanakin nan sun yi mini daɗi. In idar da sallar asuba, in haɗa shayi, in fito da rigar sanyi biyu, raɓa tana jiƙa mini gwiwa. Babu hon, babu ɗan sandan hanya, babu mai ce mini yalla yalla. Yatsuna suka gane ciyawar nan fiye da yadda idona ya taɓa gane titi. Wadda ta sami taki daidai takan yi santsi da kauri, gindinta cike da 'ya'ya, in ka damƙa ka ji hannunka ya cika. Wadda bai kai gare ta ba siririya ce, a bushe-bushe. Mai tsagaggen kunne ta yafe mini, har takan biyo ni tana shinshina aljihuna. Uwargida kuwa kullum sai ta tambaya, "Ya masarar taku?" In ce tana gaishe ta.

Akwai wata kusurwa can ƙarshen fage da ɗigon nan suka daɗe ba su ɓace ba. Wata rana ina wucewa na bi layin da ƙafa, sai na ga takuna yana zarce ɗigon. Na sake gwadawa, haka. Ni dogo ne, takuna mai faɗi. Baba kuwa gajere ne, kuma tun ina yaro yake ce mini in rage ƙafa in daidaita da tasa. Ashe kwana ukun nan da na yi da igiya da murfi, da takun Baba na yi su ban sani ba, bayan shekara talatin da wani abu. Na zauna a wurin. Kewarsa ta kama ni sosai, na yi masa addu'a, na kuma yi kuka kaɗan tunda tumaki ba su da bakin faɗa wa kowa.

Zafi ya fara leƙowa, saura kwana goma sha biyu iƙamata ta ƙare. Ranar wata Juma'a bayan la'asar Tsoho ya zo da babban ɗansa. Na gayyato Basudanen ma, na ce in za a yanka ni gara a yi a gaban shaida. Na shimfiɗa darduma a inuwar dabino, na kawo gahawa.

Tsoho bai zauna ba. Ya shiga cikin tumakin yana dafa bayansu ɗaya-ɗaya, yana matsa ƙugu da yatsu ya ji nama. A ranar kuwa suna kwana na huɗu a kashinsu, sun cinye shi ya yi ƙasa, sun taru a jikin raga suna kuka suna hangen wani kashi na kusa da ƙofa da ya yi kore shar, ya fi kowanne kyau a ido. Ba shi ne na gaba a layi ba. Ɗan ya nuna shi ya ce, "Ga ciyawa can, ka bar su suna kuka. Buɗe musu."

Na ce, "Ba yau ba."

Ya ce, "Na ce ka buɗe."

Na san abin da nake yi. Mutumin nan shi yake latsa wayar da ake sabunta iƙama da ita, kuma dama neman dalili yake. Amma na ji gyatsar tunkiyar nan a hancina, na ce, "Ka yi haƙuri, ganye biyu ne. Sai nan da mako guda. Nasu na gobe yana can baya, shi ya kai."

Tsoho ya juyo. Ya ce, "Ya Hajji, kai da ba ka ganin layi na huɗu, ta ina ka ga ganye biyu?"

Na ce, "Ammi, zo ka ji."

Sai ga dattijon nan ya ba ɗansa sanda, ya tattare jallabiyarsa, ya durƙusa a cikin ciyawa da ƙyar. Na tsinko tsiro, na kama yatsunsa kamar yadda aka kama nawa, na ja su sama. Shi ma idon nasa ba wani na kirki ba ne, sai ya rufe su gaba ɗaya. Ya ce, "Wahid." Muka ƙara. "Isnen." Ya taɓa tsinin ya ce, "Da rabi." Na ce, "Rabin bai kai rabi ba." Na kai shi kashin baya, ya tsinko da kansa, ya ƙirga uku, ya sake tsinko wani, uku. Ya miƙa hannu aka tashe shi, gwiwar jallabiyar ta yi kore. Ya ce wa ɗansa, "Ka ji. Ba yau ba." Daga nan ya zauna ya sha gahawa finjali uku, ya yi ta hirar farashin alkyabba da Basudane, bai ce mini komai game da iƙama ba har suka tafi.

Kwana biyar ina jira, abinci ma ba ya wuce mini sosai. Ran na shida da hantsi sai ga motar, Tsoho da ɗansa, a bayansu kuma a-kori-kurar Basudane, ashe Tsoho ne ya kira shi. Tsoho ya miƙo mini waya ya ce in karanta. Na kai ta hancina, na ga hotona, rubutun kuwa tururuwa. Na mayar masa. Shi ma ya kai ta hancinsa, ya yi tsaki, ya miƙa wa Basudane. Wannan ya gyara tsayuwa kamar mai karanta labarai, ya ce an sabunta. Ya ɗan dakata, ya ce, "Sana'a, muzari'." Ya dube ni ya ce, "Manomi ke nan, ya zol, in ba ka sani ba."

Na yi godiya iya yadda bakina ya iya, wanda bai yi yawa ba. Na bar su suna gardamar ko a shuka wata ciyawar mai jure zafi, na taka zuwa kusurwar nan ta Baba, na kira autata. Tana tsakanin darasi ne, ina jin hayaniyar ƙawayenta. Na ce ta kwantar da hankalinta ta yi karatu, ina nan sai ta gama. Ta yi ta hamdala. Can ta ce, "To Baba, in ba tuƙi, yanzu in an tambaye ni aikin me kake yi a can, me zan ce?"

Na ce, "Ki ce manomi ne, ɗan manomi."

Ta ce ba ta ji ba, hayaniya ta yi yawa. Na sake faɗa da ƙarfi, har tumakin suka ɗago kai.